Wutar da ke salwanta a hanya: lissafin rage asara a layukan Damagaram

A farkon watan Agustan 2023, 'yan kwanaki bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa daga can take fitowa, kuma ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni magana ɗaya ce a bakin kowa, daga Yamai har Damagaram: mu gina namu. A gama madatsar Kandaji, a haƙo gawayin Salkadamna, a shimfiɗa faifan hasken rana. Duk wannan daidai ne, kuma ina goyon bayansa. Sai dai akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, wadda amsarta ta fi araha kuma ta fi kusa: daga cikin wutar da ta riga ta shigo hannunmu, nawa ce take isa ƙwan fitila da fanka da injin niƙa, nawa ce take narkewa a jikin waya?

Tambayar ta fi nauyi a Damagaram saboda wurin da garin yake. Layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda aka fara aiki da shi a 1976, yankin kogi yake ciyarwa. Mu nan tsakiya da gabas wani layi ne daban mai kilobolt 132 yake kawo mana, daga Katsina zuwa Gazawa, inda ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufo Damagaram. Ita kanta Katsina daga Kano take karɓa, Kano daga Kaduna, Kaduna daga madatsun ruwa irin su Shiroro da tashoshin gas na kudu. Wutar da ta kunna fanka a Zango ko Garin Malam ta yi doguwar tafiya, ta biya haraji a kowane zango. Abin da ya kasa isa kuma injuna masu shan mai ne suke cike gurbinsa, kuma wutar inji ta fi kowace tsada. Saboda haka duk kilowat ɗin da ya ɓace a cikin gari sau biyu ake jin zafinsa: an saye shi da kuɗi, sannan wata unguwa ta kwana a duhu dominsa. A ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da lantarki, a jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Asarar iri biyu ce. Akwai wadda ɗabi'ar waya da ƙarfe ke jawowa, akwai wadda mutane ke jawowa: satar kuran, kwantar da aka taɓa ko ta lalace, faktir da ba a biya ba. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin ita ce lissafi yake iya kamawa kai tsaye.

Tun 1841 wani Baturen Ingila, James Joule, ya tabbatar da ƙa'idar da komai a nan ya dogara da ita. Zafin da waya ke fitarwa yana bin yawan wutar da ke gudana cikinta ne ninki cikin ninki. Idan lodi ya ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Idan ya ninka uku, ta ninka tara. Daga wannan ƙa'ida kaɗai mutum zai fahimci abubuwa da yawa da yake gani a gari. Zai gane dalilin da ya sa asarar shekara take taruwa a cikin 'yan sa'o'i kaɗan, wato tsakar rana da bayan magariba a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kowace fanka da firigo da na'urar sanyaya ɗaki suke aiki tare. A daidai lokacin ne kuma waya take da zafi, kuma turjiyar alminiyam tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Wayar da ta kai digiri 60 a ranar bazara ta fi wadda ke digiri 20 cin wuta da wajen kashi 16 cikin ɗari, ko da lodinsu ɗaya ne. Zai kuma gane abin da ya sa ake ɗaga ƙarfin wuta kafin a yi nisa da ita. Layin bolt 20,000 ya fi na bolt 400 da ke shiga gidaje sau 50, don haka wutar da zai ɗauka domin isar da aiki iri ɗaya ta ragu sau 50, asararsa a waya iri ɗaya ta ragu sau 2,500. Ma'ana, mafi yawan ɓarnar a ƙarshen tafiya take, tsakanin taransifoma da ƙofar gida.

A nan tarihin garin ya shigo cikin lissafi. Birni, inda fadar sarki take, an gina shi ne cikin ganuwar da Sarki Tanimun ya ƙarfafa a tsakiyar ƙarni na 19, da lunguna masu murɗewa tsakanin manyan duwatsu, waɗanda aka yi domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. A irin wannan unguwa samun filin kafa taransifoma wuya ne, don haka sauƙin da ake samu shi ne a ja ƙaramar waya daga bakin titi a yi ta tsawaita ta. A gefen gari kuma matsalar ta juye amma sakamakon ɗaya ne: gidaje suna riga turakun lantarki isa, kowane sabon gida a ƙara masa 'yan mitoci a wutsiyar layin da aka tsara domin rabin mutanen da ke kansa yanzu. Wanda ke wutsiya shi ya san zancen. Fitilarsa ja take yi, fankarsa da ƙyar take juyawa, firigonsa yana gurnani ya kasa tashi. Raguwar ƙarfin nan da asarar da muke magana a kanta tushensu ɗaya, kuma maganin ɗaya yakan zama maganin ɗayan.

Magunguna kuwa ba ɓoyayyu ba ne, kuma mafi araha cikinsu ko sisi ba ya ci in ban da ladan ma'aikaci da tsani. Taransifoma layi uku take fitarwa, waɗanda masu gyara ke kira fas, da waya ta huɗu ta komawa. Gida na yau da kullum kan fas ɗaya yake rataye. Idan mai haɗawa ya riƙa kama wadda ta fi kusa da hannunsa, bayan 'yan shekaru sai a tarar ɗaya ta ɗauki amfiya 90, sauran biyun 30-30. Bari mu yi lissafin. Ninka kowace a kanta ka tara: 8,100 da 900 da 900, ga kuma amfiya 60 da rashin daidaito ya tura cikin wayar komawa, wato ƙarin 3,600 idan kaurinta ɗaya da sauran. Jimla 13,500. Da an raba gidajen 50-50-50, jimlar 7,500 ce, wayar komawa kuma ta huta. Gidajen nan ne dai, lodin nan ne dai, amma asarar ta kusa raguwa da rabi don kawai an sauya wa wasu gidaje waya. Ina ganin babu wani aiki a duk fannin nan da ribarsa ta kai wannan idan aka auna da kuɗinsa, kuma babu wanda ake rainawa kamarsa, domin ba ya buƙatar bikin buɗewa.

Magani na biyu ya shafi duk abin da ke da mota a cikinsa: injin niƙa, injin walda, famfon ruwa, fanka, firigo. Waɗannan ban da wutar da suke ci su yi aiki, suna jan wata wutar da ke kai da komo tsakaninsu da tasha domin gina maganaɗisu. Ba ta ƙarewa, amma tana cin wuri a waya kuma tana ɗumama ta. Kamar ga-ruwa ne da kurarsa: ruwa kaɗai yake sayarwa, amma nauyin kura da jarkoki yana kansa zuwa da dawowa. Kwandansa, irin wadda kowa ya sani a cikin fanka amma babba, tana samar da wannan wutar a kusa da mai buƙatarta, sai ta daina yin doguwar tafiya. Idan aka ɗaga ma'aunin ingancin lodi daga 0.8 zuwa 0.95, asarar layin tana sauka da kusan kashi 30 cikin ɗari. A garin da ruwan shansa daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake turo shi da manyan famfuna, ga kuma masu niƙa da masu walda a kewayen Kasuwar Dole, wuraren da za a fara dubawa a bayyane suke.

Sauran magungunan suna cin kuɗi. A sauya siririyar waya da mai kauri. A shigo da layin bolt 20,000 cikin unguwa a kafa ƙananan taransifomomi da yawa maimakon babba ɗaya mai dogayen rassa, kamar yadda aka yi a jihar Andhra Pradesh ta Indiya. A ƙauyuka kuma, a layukan da suka nufi wajen Mirya da Matamai da Magarya, ciwon wani ne daban. Taransifoma tana cin wuta a ƙarfen cikinta dare da rana ko ba a kunna ko ƙwai ɗaya ba, don haka babbar taransifoma a ƙaramin ƙauye asara ce ta sa'o'i 8,760 a shekara. Abin da gari ke buƙata, wato ƙarin girma, shi ne abin da ke cutar da ƙauye.

To ina lissafin zaɓen mafi dacewa ya shigo? Ya shigo ne daga inda tambaya ta tashi daga "mene ne magani" ta koma "a ina, nawa, wanne za a fara". Kuɗi ba ya isa a yi duka. Kowane gyara kuma yana sauya amfanin na kusa da shi: kwandansar da aka sa a nan tana rage ribar sauya waya a can. Tun 1881 Lord Kelvin ya nuna cewa kaurin waya mafi riba shi ne inda kuɗin ƙara kauri ya yi daidai da kuɗin wutar da za a ceto, ma'ana ba a neman asara ta koma sifili, ana neman inda ci gaba da rage ta ya fara fin ƙarfin ribarsa. A shekarun 1950 injiniyoyin Amurka sun fitar da ƙa'idar biyu-bisa-uku: a layin da lodinsa ya bazu daidai, a sa kwandansa mai biyu bisa uku na buƙata a biyu bisa uku na tsawon layin. Ƙa'ida ce mai kyau ga mai aiki da alƙalami, amma babu layi a Damagaram da lodinsa ya bazu daidai, kuma kwandansar da ta taimaka da rana tana iya ɗaga ƙarfin wuta fiye da kima da tsakar dare idan ba mai kashe kanta ba ce.

Abin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne sake fasalin layuka. Layukan gari ana gina su da mahaɗai tsakanin rassa, amma ana barin wasu makullai a buɗe domin wuta ta riƙa bin hanya ɗaya tak zuwa kowane gida. Wane makulli za a buɗe, wanne za a rufe? A 1975 wasu injiniyoyin Faransa biyu, Merlin da Back, suka ba da shawarar a rufe duka a cikin lissafi, sannan a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya har tsarin ya koma rassa. A 1988 Civanlar da abokan aikinsa suka kawo hanyar musanya: rufe ɗaya, buɗe wani a cikin zoben da ya samu, ka ga ko asara ta sauka. A 1989 Baran da Wu suka wallafa wani ƙaramin tsarin gwaji mai mahaɗa 33 da layukan haɗi 5, wanda har yau shi ne filin atisayen kowa. A wannan ɗan tsari kaɗai akwai fasali 50,751 da za a iya zaɓa, kuma mafi kyawunsu yana sauko da asara daga kimanin kilowat 203 zuwa kimanin 140, kusan kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an sayi ko mita ɗaya ta waya ba. A babban gari adadin zaɓin ya fi ƙarfin ƙirgawa, shi ya sa aka ɗauko dabarun bincike masu kwaikwayon halitta: na gado da zaɓen iri wanda John Holland ya shimfiɗa a 1975, na tururuwa da Marco Dorigo ya kawo a 1992, na garken tsuntsaye da Kennedy da Eberhart suka fitar a 1995. Dukkansu abu ɗaya suke yi, su gwada zaɓi da yawa, su riƙe masu kyau, su nemi mafi kyau a kusa da su.

A nan nake da ja da yadda ake koyar da fannin. Kowace shekara ana fitar da maƙalu masu ɗimbin yawa, kowace da sabuwar dabara mai sunan wata dabba, a gwada ta a kan mahaɗa 33 ɗin nan, a samu amsar da aka riga aka sani. Ɗalibinmu zai iya kammala digiri a kan wannan bai taɓa riƙe na'urar awon amfiya a gindin taransifomar unguwarsu ba. Alhali a gari kamar namu dabarar lissafi ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Manhajoji irin su OpenDSS da pandapower kyauta ne, ƙaramar kwamfuta ta ishe su, kuma ko tsohuwar hanyar musanya ta 1988 za ta ba da amsa mai amfani. Abin da lissafin ke ci shi ne bayani: tsawon kowane layi da kaurinsa, girman kowace taransifoma, wane gida ke kan wace fas, lodi nawa ake ja a kowace sa'a. Idan aka ba kwamfuta taswirar da ta tsufa da shekara goma, za ta fitar da amsa mai lamba huɗu bayan ɗigo game da garin da babu shi. Sannan sake fasali yana buƙatar mahaɗai. Reshen da ya miƙe shi kaɗai zuwa ƙauye babu abin da za a sake masa. A can tambayar da ta dace ita ce wace gajeriyar haɗa za a gina da za ta buɗe zaɓi mafi yawa.

Akwai kuma abin da kwamfuta ba za ta yanke mana ba. Kafin ta fara aiki sai an faɗa mata abin da ake so a rage. Idan aka ce asarar kilowat kawai, za ta kai duk kuɗin gyara inda lodi ya fi yawa, wato unguwannin masu na'urar sanyaya ɗaki, ta bar unguwanni irin su Kara-Kara da wutsiyoyin gari yadda suke. Idan aka gindaya mata cewa kada ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa da wani ma'auni a kowane gida, amsar za ta sauya. Idan aka ce babban asibiti da famfunan ruwa dole su kasance da hanya biyu, za ta sake sauyawa, ko da asara ta ɗan ƙaru. Wannan hukunci ne na jama'a da hukuma, kuma ya kamata a yi shi a fili, a rubuta shi, kada a bar shi a ɓoye cikin lambobin da injiniya ɗaya ya shigar.

Hasken rana ma lissafin wuri ne. Nijar ta fara da megawat 7 a Malbaza a 2018, ta ƙara megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. Tashar da aka kafa kusa da masu amfani tana rage tafiyar wuta, don haka tana rage asara, amma zuwa wani iyaka ne. Idan ta fi ƙarfin reshen da take kai, wuta za ta juya baya, asara ta sake hawa. Ga gari mai nisa da tushe kamar Damagaram, 'yan matsakaitan tashoshi a wuraren da lissafi ya nuna za su iya fin ƙatuwa ɗaya amfani. Rana tana taimakawa a zafin azahar, ba ta nan bayan magariba, sai dai na'urorin juya wutar da ke tare da faifan suna iya yin aikin kwandansa ko da dare idan an saye su da wannan niyya. Ya kamata a rubuta wannan cikin sharuɗɗan kwangila tun farko.

Game da asarar da mutane ke jawowa, awo ne dai mabuɗi. A sa kwanta a kan taransifoma, a tara abin da kwantocin gidajen da ke ƙarƙashinta suka nuna, a cire abin da lissafi ya ce waya ta ci. Ragowar ita ce ke nuna inda za a aika masu bincike, maimakon a bi gari ƙofa-ƙofa ana zargin kowa. A arewacin Delhi, kamfanin Tata Power ya karɓi layuka a 2002 da asarar kashi 53 cikin ɗari, ya sauko da ita ƙasa da kashi 10. A Yuganda, Umeme ya fara a 2005 da kusan kashi 38, ya rage ta zuwa ƙasa da 20. A duka biyun an haɗa awo da taswira da sauya wayoyi da sauƙaƙa wa talaka haɗin halal. Wannan na ƙarshe ina ba shi muhimmanci. Gidan da kuɗin haɗi ya fi ƙarfinsa yakan ja siririyar waya daga maƙwabci, ta ratsa gida uku ko huɗu. Kwantar maƙwabcin tana ƙirgawa, ba sata aka yi ba, amma talakawan nan ne ke biyan zafin da wayar ke fitarwa, ga haɗarin gobara. Shirye-shiryen faɗaɗa lantarki irin su Haske, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, za su yi aiki biyu idan suka ba kowane irin wannan gida kwantarsa.

Hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 domin sa ido a fannin makamashi, tana da babban makami a hannunta, domin duk farashin lantarki yana ɗauke da wani kaso na asara da aka yarda mai saye ya biya. Idan aka ƙayyade kason, aka riƙa sauko da shi shekara-shekara, aka kuma wallafa asarar kowane reshe da sunansa, kamfani zai sami dalilin hawa tsani ya daidaita fas. Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram kuma tana da ɗalibai da za su iya zagaya turaku da wayar salula su zana taswirar gari, unguwa-unguwa, tare da ma'aikatan NIGELEC, kowane kundin kammala karatu ya zama reshe ɗaya na gaske da aka auna aka lissafa. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba, shi ne lokacin awo. Wanda ya auna lodi a watan Disamba, cikin hunturu, fankoki a kashe, zai ga layuka lafiya lau, ya rubuta cewa babu matsala. A ɗauki awon a Afrilu da Mayu, daga azahar zuwa bayan isha'i, a kowace fas daban, na tsawon mako guda aƙalla a kowace taransifoma, a kuma maimaita shi a shekara mai zuwa bayan an yi gyara domin a ga abin da ya sauka.